Aguwa da danginta: daga shingen gonakin Bazaga zuwa lambunan ƙasashen sanyi

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Bazaga da ke gundumar Birnin Ƙonni, kamar sauran karkarar Malbaza da Illela a jihar Tawa, ba a rasa ganin layin wani ɗan itace mai kaurin rassa, mai launin toka-toka, a bakin gona ko garka ko hanyar dabbobi. Ita ce aguwa. Manomi na sare reshenta ya kafa a ƙasa, ba ya ba ta ruwa, ba ya zuba mata taki, bayan 'yan shekaru ta zama shinge.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aguwa na da dangi a kusan duk nahiyoyin duniya, kuma wasu daga cikin dangin nata na cikin tsirran ado da ake saye da tsada a Faransa, Ingila, Jamus da Kanada, inda suke kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara su sake tofowa. Duk da nisan da ke tsakaninsu, abubuwa biyu sun haɗa su: akasarinsu ba sa son ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, kuma farin nonon da ke fita daga jikinsu na da haɗari. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu ya san rabin aikin kula da su, a Bazaga yake ko a birnin Montreal.

Dangi mai nau'i kusan 2,000

Masana tsirrai na kiran wannan rukuni da suna Euphorbia, Faransawa kuma su ce euphorbe. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya tabbatar da sunan a 1753, amma asalinsa daga Afirka ta Arewa yake: Euphorbus shi ne likitan sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki tsohuwar daular Muritaniya, a yankin Maroko da Aljeriya na yau, shekaru kusan 2,000 da suka wuce.

Rukunin ya ƙunshi nau'i kusan 2,000, abin da ya sa yake cikin mafi girma a tsirrai masu fure. Akwai wanda bai fi ciyawa mai yaɗo ba, akwai wanda ya kai tsawon bishiya. Bahaushe ya san da dama daga ciki. Nonon kurciya, wadda ke fitowa a bakin rijiya da cikin garake, tana ciki. Haka ma tinya, mai kauri da ƙaya, da fidda sartse. Idan aka faɗaɗa zuwa babban gidan da suka fito, to rogo da zurma da bini-da-zugu duk 'yan uwansu ne.

Ana gane su da abubuwa uku. Na farko, farin ruwa mai kama da madara da ke tsiyaya da zarar an karya reshe ko ganye. Na biyu, furensu ƙanana ne ƙwarai, a tattare cikin wani ɗan ƙoƙo. Launin da ido ke gani ya ɗauka fure ne, a gaskiya ganyayen da ke kewaye da ƙoƙon ne. Na uku, ɗansu na da ɗaki uku, idan ya bushe yakan fashe ya watsa iri nesa da uwar.

Aguwa: kamanninta da sunanta

Aguwa na kai mita 2 zuwa 4 idan ba a datse ta ba. Rassanta masu taushi ne, cike da ruwa, shi ya sa take jure dogon rani. Tana zubar da ganye idan fari ya tsananta, ta sake yin kore da zuwan damana. Ana samun ta daga Senegal da Muritaniya har zuwa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, a yankunan da ruwan sama bai da yawa. Ƙasar Ƙonni da Adar, inda ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 400 zuwa 600, na cikin wuraren da suka dace da ita.

A littattafan aikin gona da na gandun daji na Nijar an fi sanin ta da Euphorbia balsamifera, sunan da William Aiton na lambun Kew a Ingila ya bayar a 1789 ga wata tsiro ta tsibiran Kanariya. A can ana ce mata tabaiba, kuma ita ce tsiron da tsibirin Lanzarote ya ɗauka a matsayin alamarsa. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa ta Sahel daban take da ta Kanariya da kuma ta gabashin Afirka da Larabawa. Don haka aka dawo wa tamu da sunan da masani N. E. Brown ya ba ta tun 1911, wato Euphorbia sepium. Kalmar ta biyu a harshen Latin na nufin "ta shinge", ke nan tun wancan lokaci aikin da manoma ke sa ta shi ya ba ta suna.

Dalilin da ya sa shinge ya zama babbar magana

A wannan yanki gona ba ta hutawa kamar da. Bayan girbin hatsi da dawa da wake, noman rani na karɓa: albasar Galmi a gundumar Malbaza, da tumatir, kabeji, alkama da masara a fadamun Majiya da filayen ban ruwa na Ƙonni, waɗanda madatsun ruwa na Mozage da Zango ke shayarwa. Daidai lokacin ne kuma hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki, garken shanu da tumaki su gangaro daga arewa. Garkar da ba ta da kariya na iya ƙarewa a dare ɗaya.

Hanyoyin kariya uku ne. Akwai ragar waya, wadda ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi. Akwai shingen ƙaya da darnin kara, waɗanda ake sabuntawa kowace shekara saboda gara da iska, kuma kowane sabuntawa na nufin sare magarya da bagaruwa da sauran itatuwan da suka rage a daji. Sai shinge mai rai, wanda ake kafawa sau ɗaya a yi ta gyara. A nan aguwa ta yi fice, domin dabbobi ba su damu da cin ta ba, in ban da busasshen ganyen da awaki da tumaki kan tsinta a ƙasa.

Maganar ta wuce ta amfanin gona kaɗai. A watan Nuwamba na 2016, a garin Bangi na gundumar Madawa, rikicin manoma da makiyaya da ya taso daga ɓarnar gona ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 18. Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da aka fi sani da COFO, yayin da doka mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince wa makiyaya da 'yancin kai da komo da dabbobinsu. Amma doka a takarda na buƙatar alama a ƙasa. Layin aguwa a gefen burtali na nuna wa makiyayi inda hanya ta bi, yana kuma nuna wa manomi inda garmarsa za ta tsaya.

Aiki na uku shi ne tare iska da rairayi. Jihar Tawa ta daɗe da sanin wannan yaƙi: tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tare da ƙungiyar CARE, sannan a 1984 aka ƙaddamar da babban aikin raya karkara na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO. A ayyukan tsayar da tudun rairayi, rassan aguwa na cikin kayan da ake kafa katanga da su, tare da karan hatsi. Bambancin shi ne kara na ruɓewa, aguwa kuwa na iya kamawa ta rayu.

Yadda ake dasa ta

Lokaci shi ne abu na farko. Ana sarar rassa a ƙarshen rani, daga Afrilu zuwa farkon Yuni, kafin ruwa ya zauna. Wannan ya saba wa abin da aka saba da shi game da sauran itatuwa, waɗanda ake dasawa a tsakiyar damana, musamman ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa ta ƙasa. Reshen aguwa da aka kafa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar Agusta yakan ruɓe tun bai yi saiwa ba.

Ana zaɓen rassan da suka ƙosa, masu tsawon santimita 50 zuwa mita 1, daga uwa mai lafiya. A sare da wuƙa ko adda mai kaifi, ba a karya da hannu ba. Daga nan a ajiye su a inuwa na 'yan kwanaki har bakin saran ya bushe, nonon ya daina zuba. Wannan bushewa ita ke hana ruɓa shiga.

Sai a haƙa dogon rami mai zurfin santimita 20 zuwa 30, a jera rassan a tsaye, a mayar da ƙasa a tattake sosai domin kada iska ta girgiza su. Tazarar santimita 30 zuwa 50 tsakanin reshe da reshe ta wadatar. Gona mai faɗin hekta 1, idan kusurwa huɗu ce daidai, kewayenta mita 400 ne. A tazarar santimita 50 tana buƙatar rassa 800 a layi ɗaya. Layi biyu, inda kowane reshe na layi na biyu ke fuskantar giɓin na farko, ya fi tsare dabba, kuma yana buƙatar rassa 1,600.

Ƙasar jigawa da ta tsakuwa ita ce ta fi dacewa. A fadama mai laka inda ruwa ke kwana, sai an tayar da kunya an dasa a kanta, ko kuma a nemi wani itacen. A shekarar farko ana tallafa wa sabon shinge da 'yar ƙaya don kada shanu su ture shi, a kuma cike gurbin duk reshen da bai kama ba a bazara mai zuwa. Daga shekara ta biyu ko ta uku a riƙa datse kai a tsayin ƙirji, abin da ke sa ta yi rassa ta cika. Rassan da aka datse su ne irin dashe na gaba.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai matakin da ba a tsallakewa: shawara da maƙwabcin gona. A al'ada, dasa itace a fili alama ce ta mallaka. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina bai kamata ya kafa shinge ba sai da yardar mai ita, kuma ya fi kyau a shata iyaka gaban maigari da wakilan COFO.

Inda aguwa ta gaza

Tsohuwar aguwa takan buɗe daga ƙasa, 'yan awaki su kutsa ta giɓin. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manoma kuma na kokawa cewa shingen da ya yi duhu na zama mafakar macizai da ɓeraye, don haka share gindinsa wajibi ne. Ban da wannan, ba ta ba da abincin dabba, ba ta ba da icen kirki, busasshen reshenta na cinyewa a wuta nan da nan. Shi ya sa malaman gandun daji ke ba da shawarar a haɗa ta da itatuwa masu ƙaya ko masu amfani, irin su magarya, bagaruwa, dakwara, dashi da lalle. Aguwa ta tsare su suna ƙanana, su kuma su toshe mata giɓi idan sun girma.

Babban haɗari shi ne nonon. Na aguwa bai kai na tinya zafi ba, kuma a gargajiyance akan ɗiga shi a ramin haƙori mai ciwo, amma idan ya shiga ido yana kawo raɗaɗi da kumburi, har gani ya dushe na wasu kwanaki. Na tinya kuwa guba ne sosai: masana sun ciro wani sinadari daga jikinta suka raɗa masa suna tinyatoxin, wanda zafinsa ya ninka na sinadarin barkono sau ɗaruruwa. Mai sara ya sa riga mai dogon hannu, ya juya wa iska baya, kada ya shafi fuska sai ya wanke hannu da sabulu. Idan nono ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 zuwa 20 ba tare da murzawa ba, sannan a tafi likita. A kuma hana yara wasa da rassan da aka ajiye suna shan iska.

Dangin da ke rayuwa cikin ƙanƙara

A Turai da arewacin Amurka, masu lambu na son waɗannan tsirrai ne saboda launin rawaya mai haske da suke bayarwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da sanyi ke janyewa, da kuma saboda zomaye da barewar daji ba sa cin su, kamar yadda akuya ke ƙyale aguwa.

Wadda ta fi jure sanyi a cikin sanannun ita ce Euphorbia polychroma, 'yar asalin tsakiya da kudu maso gabashin Turai. Takan yi dunƙule kamar matashin kai, tsayinta bai wuce santimita 40 zuwa 50 ba, kuma tana tsallake sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Dabararta ita ce barin duk abin da ke saman ƙasa ya mutu a lokacin hunturu, rai ya koma cikin saiwa. Euphorbia griffithii, daga tsaunukan Himalaya, na yin haka ita ma. Launinta ja ne mai ruwan lemo, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ke son ƙasa mai danshi. Euphorbia amygdaloides ta dazuzzukan Turai na riƙe ganyenta duk shekara, tana kuma yarda da inuwar bishiya. Euphorbia characias ta gaɓar Bahar Rum ita ce mafi girma da kwarjini, takan wuce mita 1, amma sanyin da ya zarce digiri 12 zuwa 15 ƙasa da sifiri na iya kashe ta, don haka ake dasa ta a jikin bango mai fuskantar rana.

Ƙa'idojin kula da su ba za su zama baƙo ga manomin Bazaga ba. Abin da ya fi kashe su a hunturu shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsu ya daskare, fiye da sanyin kansa. Saboda haka ake cuɗa ƙasa da tsakuwa da yashi, ko a tayar da kunya. Taki da yawa na sa su yi tsawo su kwanta. Ana dasa su bayan ƙanƙara ta narke, domin saiwa ta kafu kafin sanyi na gaba. Ana yawaita su ta hanyar raba gindi ko yankan reshe, wanda shi ma ake barin bakinsa ya tsane kafin a kafa. Reshen characias na yin fure ne a shekararsa ta biyu, daga nan a sare shi daga tushe don sababbi su samu wuri. Duk wannan da safar hannu ake yi, wasu har da tabarau.

Can ma akwai darasin da aka koya da tsada. Euphorbia esula, wadda ta shiga Amurka daga Turai aka kuma fara ganin ta a jihar Massachusetts a 1827, ta mamaye makiyaya masu faɗin gaske a arewacin Amurka da Kanada. Shanu na guje mata, saiwarta na nutsewa mita da yawa, har sai da aka koma sakin tumaki da awaki da wasu ƙwari da aka shigo da su daga Turai don rage ta. Euphorbia myrsinites, da aka kai don ado, ta tsere daga lambuna, yanzu jihar Colorado ta haramta shuka ta.

Wanne zai yi a nan, wanne zai yi a can

'Yan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam ko Kanada da ke son ajiye aguwa don tuna gida su sani ba ta jure ƙanƙara ko kaɗan. Sai dai a tukunya mai huda a ƙasa, cike da yashi da tsakuwa, a bakin taga mai rana, a rage mata ruwa sosai daga Nuwamba zuwa Maris. Shigar da ɗanyen reshe waɗannan ƙasashe kuma na buƙatar takardar lafiyar tsirrai.

Haka nan irin polychroma ko griffithii da matafiyi zai sayo daga Turai ba zai yi ba a Ƙonni, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kuma babu dogon sanyin da waɗannan tsirrai ke buƙata don hutawa. Mai son ado a tsakar gida, makaranta ko ma'aikata ya nemi dangin ƙasashen zafi. Euphorbia milii, 'yar Madagaska mai ƙaya da jan fure, wadda aka kai Faransa a 1821, na yin fure kusan duk shekara da ruwa kaɗan. Euphorbia tirucalli, mai siraran rassa kamar fensir, na yin shinge mai kyau, sai dai nononta na cikin mafi haɗari ga ido, don haka ba a sa ta inda yara ke wasa. Ita kuwa poinsettia ta Meziko, mai jan ganye da ake sayarwa a Turai lokacin Kirsimeti, na son ban ruwa a kai a kai, kuma ba ta yin ja sai dare ya yi tsawo, wato a watannin ɗari.

Aguwa kanta na shiga wannan sahu. Idan aka datse ta da kyau tana iya kewaye filin makaranta, maƙabarta ko wurin renon itatuwa ba tare da an kashe ko dala a sayen iri ba. Abin da ake buƙata shi ne izinin mai tsohon shinge, adda mai kaifi, da fara aiki kafin ruwan farko ya sauka.